Manjagarar Injiniya Sha'aban

Duk Bahaushen da ya taɓa zama a unguwar Rusholme ta Manchester, ko da na wata guda ne, ya san Injiniya Sha'aban ya je Japan. Ba sai ka tambaya ba. In ka ce bas ta makara, zai ce a Tokyo jirgin ƙasa in ya makara da minti ɗaya direban da kansa yake fitowa ya ba kowa haƙuri. In ka ce shayi ya yi zafi, zai ce a Kyoto sai an yi awa biyu a durƙushe kafin a kurɓi kofi guda. Ranar sunan jikan Dakta Rabe an ba shi ya rufe taro da addu'a, aka ɗaga hannu, sai ga mu a garin Nara yana ba barewa biskit, har naman suna ya huce.

A shekarar 1988 ya je, lokacin yana ƙaramin ma'aikaci mai kula da injinan ban-ruwa a Kano. Tsawon zaman ne har yau ba a daidaita ba. Matarsa Hajo ta ce lokacin da ya aure ta wata uku ne. Da suka zo Ingila ya zama shekara guda. Bayan ya yi ritaya ya kai shekara uku, kuma yana nema ya ƙara.

Shaidarsa hoto ne guda ɗaya, a rataye a falo. Saurayi ne siriri mai suma, yana tsaye a tsakiyar wani fili na farar tsakuwa da aka ja mata layi-layi kamar igiyar ruwa, riƙe da manjagarar katako. A gefensa wani tsoho ne ɗan ƙarami, kai a aske ƙwal. Injiniya yakan ce wannan tsohon shi ne babban gwanin lambuna na wani gidan ibada a Kyoto. Su arba'in suka je daga ƙasashe daban-daban, tsohon ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya wuce Bajamushe, ya wuce Ba'indiye, ya zo gabansa ya miƙa masa manjagarar da hannu biyu, bai ce uffan ba.

"Ba sa magana su," in ji Injiniya. "Da ido suke gane mai baiwa."

Ana nan sai Allah ya kawo wa 'yarsu Ramlat miji. Abdulmuhaimin sunansa, akanta ne a Birmingham, iyayensa suna Balsall Heath, gida ne na karatu da ƙarancin surutu. Aka sa ranar Asabar, sati uku masu zuwa, manyansa za su zo tambaya. Wanda zai jagorance su baffan yaron ne, dattijo da ya zo daga Kano a duba masa ido. Kowa Baffa Alhaji yake ce masa. An ce ba abin da ya tsana kamar cika baki, har ya taɓa tashi daga wurin neman aure ya sa takalminsa ya tafi, don uban yarinyar ya cika fankama.

Da Ramlat ta ji haka abinci ya ƙi shiga. Ta sami mahaifinta bayan la'asar, ta durƙusa kusa da kujerarsa.

"Abba, abu ɗaya nake roƙo. Ranar Asabar ɗin nan, don Allah kar a je Japan."

Ransa ya sosu, amma ya yi mata alkawari ba zai buɗe baki ya ba da labari ba. Ai ma bisa al'ada uba ba ya zama a wurin tambaya, Dakta Rabe ne zai wakilce shi, shi kuma ya zauna a sama har a gama. Ramlat ta tashi da farin ciki. Tana fita ya leƙa ta tagar kicin, ya ƙura wa filin baya ido, ya fara shafa gemu. In ba za a ji da kunne ba, sai a gani da ido.

Filin nan bai fi shimfiɗar tabarma shida ba, kuma na Hajo ne. Yakuwa take shukawa. Wanda bai san sanyin Manchester ba ba zai gane girman wannan magana ba. Irin daga Gwarzo ta taho da shi a ƙulle a bakin mayafi. Tun watan Fabrairu take fara renonsa a robobin nono a bakin taga, ta juya su wajen rana kamar mai jinya. Sai da ta shekara goma sha ɗaya tana lallashi kafin yakuwar ta yarda ta zauna. Mata har daga Bradford suke aiko a tsinko musu.

Ranar Talata Hajo ta tafi makarantar mata. Ta dawo ta tarar da yakuwarta a tule a jikin katanga, saiwa a sama, Injiniya kuma a tsaye cikin takalmin roba yana auna fili da taku. Ta yi salati a hankali. Ya fara yi mata bayanin cewa a Kyoto ganye ba shi ne lambu ba, fili da shiru su ne lambu. Ta ce to. Ta ɗauko kwando ta tsinke ganyen kaf, ta wanke, ta ƙulla a leda, ta zuba a firiza. Ba ta ƙara cewa komai ba. Mu da muka san shirun Hajo muka fara yi wa Injiniya addu'a.

Sai maganar tsakuwa. Mai sayarwa ya tambaye shi a waya faɗin filin da tsawonsa, Injiniya ya ce shi ba ya aiki da awo irin na 'yan koyo, a kawo mota guda. Washegari da hantsi tifa ta shigo layin da baya, ta ɗaga gadonta, ta juye. Da ƙura ta lafa, ƙofar gidan ta ɓace rabi, ta maƙwabcinsa kuma ta ɓace gaba ɗaya.

Maƙwabcin nan Bartholomew ne, tsohon direban bas, mutumin Jamaika, shekara ashirin suna katanga ɗaya. Ta tagar sama ya leƙo da kofin shayi a hannu.

"Injiniya, in binne ni za ka yi, ka bari in mutu tukuna."

Injiniya ya ce masa kafin azahar zai kwashe. Sai dai gidajen layin a manne suke da juna, lungun baya kuma baro ba ya shiga. Hanya ɗaya ce daga titi zuwa filin baya: ta falo, ta kicin. Hajo ta naɗe kafet ba tare da an ce ta naɗe ba. Kwana huɗu baro yana kaiwa yana komowa a gaban talabijin. Tsakuwa ta shiga takalma, ta shiga aljihu, ta shiga ƙarƙashin sallaya. Ramlat ta tauna guda a shinkafa. Rana ta uku wani ma'aikacin hukumar gari ya zo da takarda a kan a kwashe tulin daga titi kafin Litinin. Injiniya ya tsare shi da labarin yadda ake share titi a Osaka, har mutumin ya ajiye takardar a kan tulin ya gudu.

Da aka gama, filin ya ɗaga har sai an taka sama daga ƙofar kicin. Injiniya ya sassaƙa manjagara da hannunsa, irin ta hoton. Ya kewaye wurin da ɗan shingen gora, ya kafa 'yar gada ita ma ta gora a tsakiya. Ya yini yana jan layi, ya ja ya goge, ya ja ya goge, har magariba. Gaskiya ya yi kyau. Hajo ma sai da ta kalla sau biyu.

Da safe ya fito da shayinsa don ya zauna ya yi shiru irin na Kyoto. Kyanwar Bartholomew ta riga shi. Ta ga tsakuwa mai laushi, shararriya, ta ɗauka domin ta aka yi, ta biya buƙatarta a tsakiya ta rufe da kyau. Da alama kuma ta je ta sanar da 'yan'uwa, don kashegari tudu bakwai ya ƙirga.

Bartholomew ya jingina da katanga yana kallonsa yana kwashewa da shebur. Ya tambaye shi gadar nan ta mece ce, tunda ba ruwa. Injiniya ya ce tsakuwar ita ce ruwan, teku ce, sai mai zurfin tunani yake gani.

"To ka yi haƙuri," in ji Bartholomew. "Ashe iyo kyanwata take zuwa."

Injiniya ya shiga kicin ya ɗauko kwalbar dakakken yajin Hajo, wanda aka aiko mata daga Kano, ya ce a Japan ma da dabara ake korar dabba, ba da duka ba. Ya tsaya a kan gada ya watsa shi gaba ɗaya. Iska kuwa ta Manchester ba ta shawara da kowa. Ta kwashi yajin ta watsa wa Bartholomew a fuska, ta haura da saura tagar wata ɗaliba mai suna Chloe da ɗakinta yake kallon filin, ta dawo da ragowar kan mai shi. Mutum uku suna atishawa a gida uku. Kyanwar tana kan rufin ɗakin ajiya tana lasar hannu. Daga ranar sai da tamfol yake rufe tekunsa in rana ta faɗi.

Saura duwatsu. Ya zaga Manchester kaf ya ce duwatsunta ba su da hali. A waya ya ga wasu guda uku a wajen wani mai kayan lambu a gefen Birmingham. Hajo ta ce tunda can za shi, ya biya Aston ya ɗauko Gwaggo Zinatu, ƙanwar mahaifinta, wadda za ta tsaya a kan girkin baƙi. Wata biyu ke nan da zuwan Gwaggo daga Gwarzo wajen ɗanta, kuma tun da ta sauka take rigima da murhun lantarki. Ta ce tuwon da bai ji hayaƙi ba kunu ne mai girman kai.

Ranar Alhamis da sassafe ya kama hanya. Mutum huɗu suka ɗora masa duwatsun. Mai kayan ya ce motar ba za ta ɗauka ba, a bari ya aiko da su. Injiniya ya bugi ƙeyar motar ya ce ƙirar Japan ce, ba a koya mata aiki. Ɗaya a but, ɗaya a kujerar baya, babban kuma a kujerar gaba. Motar ta ji nauyi a kujera ta fara ƙara a ɗaura bel, dole ya ɗaura wa dutsen. A haka ya isa Aston.

Gwaggo ta fito da muciyarta da ƙatuwar tukunyar biki da ta aro wajen matan Birmingham. Ta leƙa ta ga an ba dutse gaba. Ba ta yi fushi ba. Ta shiga baya, ta ɗora tukunyar a cinya, ta dafa dutsen da ke gefenta, ta ƙwanƙwasa shi da zobe.

"Sha'aban, nawa ne duka?"

"Uku, Gwaggo."

"A tsakar gida za ka kafa su?"

"A kan tsakuwa. Uku cif, haka ƙa'idar take."

"Ai kuwa haka take," in ji Gwaggo. "Allah ya yi maka albarka. Ashe akwai masu hankali a ƙasar nan."

Daɗi ya kama Injiniya. Shekara talatin da wani abu, sai yau ya sami wanda ya fahimci Japan. Ya shiga gaya mata cewa ɗaya tsauni ne, ɗaya kunkuru, ɗaya gauraka. Gwaggo ta ce sunan ba damuwa ba ne, su dai zauna daidai. Gindin motar yana jan ƙasa, hancinta yana kallon sama. Manyan motoci suna wuce su suna danna ham, shi kuma yana ɗaga musu hannu. Sau biyu suka tsaya injin ya huce, Gwaggo ta yi azahar a gefen wani gidan mai. Tafiyar awa biyu ta ci biyar.

Bartholomew da Dakta Rabe suka taya shi shigar da su da baro. Injiniya ya ce kafa dutse ba aikin gaggawa ba ne, gwanin Kyoto yakan yi wata yana kallon dutse kafin ya san ina ne fuskarsa. Ya rufe ido, ya zaga, ya nuna kusurwa uku masu nisa da juna. Sai dai baro ya nutse a tsakuwa daidai tsakiyar fili, ya kife da na farko. Na biyu ma a nan ya kife. Na uku ya gangaro ya tsaya a gabansu. Su ukun suka tura, ko motsi. Dakta Rabe ya riƙe ƙugu ya ce shi likita ne, ya san ƙarar da bayansa ya yi yanzu. Injiniya ya ja da baya ya duba duwatsun, sun yi da'ira, kai da kai, da 'yar tazara a tsakani. Ya ce dutse da kansa yake zaɓar mazauninsa, dama abin da yake jira ke nan.

Gwaggo tana kallo ta tagar kicin, tana gyaɗa kai.

Ranar Asabar tun da safe Injiniya ya ja layinsa, ya zagaye kowane dutse da zobe-zobe. Ya rataya labule a ƙofar kicin ta ciki, ya yi doka kada ƙafar kowa ta taka filin. Gwaggo tana wanka lokacin, ba ta ji dokar ba. Ya tafi aski Wilmslow Road, daga can ya wuce ɗauko Dakta Rabe.

Yana fita Gwaggo ta ɗaura zani a ƙirji a kan riga, ta kinkimi tukunyar biki, ta nufi ƙofar baya. Hajo tana tsaye tana yanka albasa. Ta ga tukunya, ta ga duwatsu. Ta buɗe baki. Sai ta tuna Gwaggo uwa ce, ba a yi wa uwa musu. Ta rufe bakin, ta buɗe firiza, ta fito da yakuwa.

Tukunyar ta zauna a kan tsauni da kunkuru da gauraka kamar tare aka ƙera su. Gwaggo ta duba itace, ta ga ɗan albarka har shi ya tanada, busasshe, an ma jera shi a tsaye. Ta fara da shinge. Da tuwo ya nemi wuta sosai ta kawo gada.

Ƙarfe biyu baƙi suka iso, su biyar. Injiniya ya shigo ta ƙofar gaba daidai lokacin, ya gaisa da su a tsaitsaye kamar yadda ya kamata. Baffa Alhaji dogo ne, farin gemu har ƙirji, da tabarau mai kauri. Ya riƙe hannun Injiniya ya daɗe yana kallonsa, har sai da Injiniya ya ɗauka askin ne ya yi kyau. Daga nan ya hau sama, Ramlat kuma ta zauna a kan matakala ta bayan ƙofa inda za ta ji ba a gan ta ba.

Aka yi addu'a, aka sha ruwa. Baffa Alhaji ya gyara murya zai faɗi abin da ya kawo su. Sai aka ji taku. Injiniya ya tsallake 'yarsa a matakala kamar bai gan ta ba, ya shigo falo yana murmushi. Dakta Rabe ya yi masa ido, ya yi masa tari, a banza. Ya ce ba zai ce komai ba, ya yi alkawari, yana so ne kawai baƙi su miƙe ƙafa su ga wani ɗan abu. Ya roƙe su su yi shiru in sun gani, don wurin na nutsuwa ne. Ya ja su har ƙofar kicin, ya kama labule, ya yaye.

Hayaƙi ne ya fara gaishe su. Ta ƙofar baya da ke buɗe ga Gwaggo Zinatu a tsakiyar teku, ta kifa bokiti ta zauna, ƙafa a miƙe, tana tuƙa tuwon shinkafa da hannu biyu. Miyar yakuwa tana gefe a kan garwashi tana tafasa. Manjagara tana kwance a bakin wuta, haƙoranta uku sun ƙone, da ita ake jan gawayi. Bartholomew yana jingine da katanga da faranti a hannu, yana jira.

"Sha'aban, murhun nan naka ya fi na gidan ubana," in ji Gwaggo. "Sai dai itacen ya yi kaɗan."

Kafin Injiniya ya sami numfashi aka ji jiniya. Chloe ce ta ga hayaƙi ya turnuƙe tagarta ta kira 'yan kwana-kwana. Hanya kuwa ɗaya ce, ta falo. Ƙarti huɗu da hular kwano suka ratsa tsakanin baƙi suna jan tiyo, dattawa suna tattare babbar riga. Layin gaba ɗaya ya fito, wasu a titi, wasu a tagogi da waya a hannu. Gwaggo ta miƙe ta tare tukunya da muciya.

"Duk wanda ya zuba wa tuwon nan ruwa, ni da shi."

Shugabansu ya tambayi me ta ce. Dakta Rabe ya ce tana yi musu sannu da zuwa. Mutumin ya zaga wutar, ya dubi nisanta da katanga, ya taka tsakuwar da takalmi. Ya ce a rage hayaƙi kuma a daina ƙona gora mai fenti, amma a gaskiya ya daɗe bai ga wurin hura wuta da aka tsara da hankali irin wannan ba, wanda ya shimfiɗa tsakuwar nan ya san aikinsa. Suka naɗe tiyo suka fita, ɗayansu yana waiwayen miya.

Baƙi kuwa fuska ta washe. Wani ya ce shekararsa goma sha tara bai ji wannan ƙanshin ba. Baffa Alhaji ya shaƙi hayaƙin ya ce, "Injiniya, murhu ya yi. Allah ya saka."

Nan ne abin ya fi ƙarfin Injiniya.

"Ba murhu ba ne, Alhaji. Japan ce!"

A kan matakala Ramlat ta sa fuska a cinya. Injiniya ya ruga falo ya ciro hoton daga bango, ya dawo yana haki. Ya fara daga farko: shekara uku, mutum arba'in, Bajamushe, Ba'indiye, hannu biyu. Dakta Rabe yana kallon takalman Baffa Alhaji da ke bakin ƙofa, yana jiran ya ga an nufe su.

Baffa Alhaji ya karɓi hoton. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya kai hoton dab da hanci. Ya ce a buɗe bayan firam ɗin. Dakta Rabe ya buɗe da farce. A bayan hoton akwai rubutun biro da ya koɗe, ya karanta a fili: "Ga Sha'aban, ladan aikin yini. Daga Jumare."

"Ni ne Jumare," in ji dattijon. "Na Kadawa. Gadona ne a ƙasan naka a Osaka. Tun a ƙofa nake cewa na san hancin nan."

Ya zauna a kan kujerar kicin ya ba da labarin a hankali, ba ƙari. Kwas ɗin sati uku ne, duk a wani ɗakin injina a Osaka suka yi shi. Rana ɗaya tak aka ɗebe su a bas zuwa Kyoto yawon buɗe ido. Aka kai su wani tsohon gidan ibada, aka zaunar da su a baranda su kalli lambun tsakuwa, wanda in ban da mai kula da shi ba mai takawa. Ana cikin kallo Sha'aban ya ɗaga kai ya ga rana ta karkata. Ya duba gabansa, ga fili fari tas, shararre, ba kowa. Ya tuɓe takalmi, ya tsallake gora, ya ratsa layukan nan har tsakiya, ya share wuri da ƙafa, ya shimfiɗa hankici, ya ta da kabbara.

Mai yi musu jagora ya kusa suma. Tsohon mai kula da wurin ya fito, ya tsaya a gefe da hannu a baya, bai motsa ba har Sha'aban ya yi sallama. Sannan ya rusuna masa, ya miƙa masa manjagara da hannu biyu, ya nuna sawayen da ɗan yatsa. Daga azahar har la'asar sakaliya Sha'aban yana jan layi, tsohon yana gogewa da tsintsiya yana nuna a sake. Sauran suka je suka ga gari, suka ci abinci, suka dawo, suka tarar da shi yana nan.

Bartholomew ya nemi a fassara masa. Da Dakta Rabe ya gama, farantin ya kusa faɗuwa. Dariya ta tashi daga kicin ta haura katanga, ta fita titi. Baffa Alhaji, wanda aka ce ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, ya yi ta yi har hularsa ta faɗo a cikin kwandon albasa. Injiniya yana tsaye da firam ba hoto, yana kallon ƙasa. Ramlat tana kuka ba sauti, ta gama sallamawa.

Da dattijon ya share hawaye, ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Sati uku ne, Sha'aban. Daga yau ka mayar da shi sati uku. Amma mu tara ne Musulmi a bas ɗin nan. Takwas muka ce sai mun koma masauki. Kai kaɗai ka duba rana." Ya juya wajen Dakta Rabe. "Mun zo nema wa ɗanmu Abdulmuhaimin auren 'yar gidan nan. Ban da sauran tambaya."

Dakta Rabe bai tsaya jan zance ba, don kada wani ya sake tuno wani gari. Ya ce an ba su. A nan bakin ƙofar kicin aka shafa fatiha, hayaƙi yana shiga ido. Gwaggo ta rangaɗa guɗa har Chloe ta sake leƙowa. Tuwon kuwa ko ƙanzo ba a bari ba, Baffa Alhaji ya ce a gaya wa uwar gida bai sha yakuwa irin wannan ba ko a Kano, Allah ya sa ta ƙara shukawa baɗi. Hajo daga bayan labule ta ce amin, da ɗan ƙarfi.

Bayan la'asar baƙi suka kama hanyar Birmingham. Ba a yi rabin awa ba aka jiyo muryar Injiniya a jikin katanga. Yana gaya wa Bartholomew cewa in aka bi tarihi da kyau, a duk faɗin Japan shi ne mutum na farko da ya yi salla a wannan lambu, kuma shekara ɗari biyar wurin yana jira.

Hajo ta fito. Ta ɗauki manjagarar daga bakin toka, ta kaɗe ta. Ta zo gabansa ta ɗan rusuna, ta miƙa masa da hannu biyu. Da ɗan yatsa ta zagaye murhun, a bar shi. Ta nuna sauran tsakuwar, ta nuna baro, ta nuna hanyar falo. Ba ta ce uffan ba.

Bartholomew ya kurɓi shayinsa.

"Injiniya," ya ce, "an sake zaɓarka."